Akuyar da ba ta yarda a taɓa ta ba

Ma'aikacin da ke kiwon awaki a bayan gida a Kubwa ko Nyanya yakan fita tun da asuba, ba ya dawowa sai bayan magariba. Akuyar da ya sayo a kasuwar Dei-Dei ba ta sanin hannunsa sai ranar ɗura magani: a tara yara, a rutsa ta, a cafko ƙafar baya. Daga ranar ta gama yanke wa ɗan Adam hukunci.

Illar ta wuce wahalar kamu. Tsutsar ciki mai shan jini, wadda ke yawaita da damina, ana gane ɓarnarta ne idan aka janye fatar ido ta ƙasa: in ciki ja ne, da sauran lafiya, in ya yi fari, jini ya kusa ƙarewa. Akuyar da ba ta tsayawa ba mai duba mata ido, sai an wayi gari ta kasa tashi.

Sabo ba ya samuwa da guje-guje. A sa ta a ƙaramin garke tare da 'yar'uwarta, domin kaɗaici na ƙara mata firgita. Mai ita ya riƙa kawo dusa ko harawa da kansa, ya tsuguna gefe, kada ya ƙura mata ido. Minti goma kullum ya fi wuni guda na ƙarshen mako, ko da yake wannan ne sharaɗin da ya fi yi wa ma'aikaci nauyi. In ta fara ci daga hannu, a shafa kafaɗa da wuya. Hannun da ya sauko ta saman kai, a wurinta farmaki ne.

Ranar magani a jingina bayanta da kusurwar bango, hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, ban da jan ƙaho ko kunne. A ɗura ta gefen baki sannu a hankali, kai a daidaice. In aka ɗaga shi sama, maganin na iya bin hanyar huhu.

Haka ma allurar rigakafin cutar PPR, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke samarwa, cutar da duniya ke fatan kawarwa nan da 2030. Allura ɗaya na kare dabba shekara uku ko fiye, amma likitan da ya zo unguwa ba zai ɓata awa guda yana bin akuya ɗaya a tsakar gida ba.