Ciwon Jijiyar Gwiwa: Hutu Kaɗai Ba Ya Warkar Da Shi

Akwai wani ciwo da ke addabar matasanmu masu buga ƙwallon raga da na kwando da na ƙafa. Yana kama gaban gwiwa, daidai ƙarƙashin ƙoƙo, inda wata kakkaurar jijiya ta haɗa ƙoƙon da ƙashin ƙwauri. Yawan tsalle da dira ne ke kawo shi. Wani bincike na ƙasar Norway a 2005 ya same shi a jikin kusan kashi 45 cikin 100 na manyan 'yan ƙwallon raga. Wani ciwon jijiyar gwiwa makamancinsa ne kuma ya hana Rafael Nadal buga gasar Wimbledon a 2009.

Abin da muka saba yi shi ne a ce wa yaro ya huta, a shafa man zafi, wani lokaci a kai shi wurin maɗori, alhali babu karaya. Ciwon zai lafa, amma ranar da ya koma fili sai ya dawo. Dalili kuwa, jijiyar da ba ta ɗaukar nauyi rauni take ƙarawa. Maganinta shi ne a riƙa ɗora mata nauyi da awo.

A 2009 likitoci a Kofanhegan ta ƙasar Denmark sun kasa masu ciwon kashi uku. An yi wa kashin farko allurar kotizon. Na biyu suna tsayawa da ƙafa ɗaya a kan katako mai gangare suna tsugunnawa a hankali. Na uku suna ɗaga nauyi sannu-sannu, sau uku a mako. Bayan mako 12 kowa ya sami sauƙi. To, amma da aka sake duba su bayan wata shida, 'yan allura sun koma baya, masu motsa jiki kuwa sauƙinsu ya ɗore. Wannan ya isa mu yi hattara da masu saurin kai ɗan wasa ga allura don kawai akwai wasa ranar Asabar.

Wanda ciwon ya matsa wa zai iya farawa da jingina bayansa da bango, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya tsaya cik na daƙiƙa 45, har sau biyar, yana hutawa tsakani. Daga nan a shiga tsugunno da nauyi, sai tsalle kaɗan-kaɗan, kafin a koma fili. Ɗan zafi lokacin motsa jikin ba laifi ba ne, muddin bai ƙaru ba washegari. In ya ƙaru, a rage nauyin. Gara likitan gashin ƙashi ya tsara wannan, domin aikin wata uku ne ko fiye.

Amma in ɗan wasa ya ji wani abu ya tsinke, ya faɗi, ya kasa miƙe ƙafarsa, kada a gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai yiwuwa jijiyar ce ta katse, kamar yadda ta faru da Ronaldo na Brazil a 2000, kuma wannan sai tiyata cikin gaggawa.