Ƙarkon Injin Fetur Mai Turbo A Hanyar Anka Zuwa Bagega

Manufarmu ita ce auna ƙarkon wannan inji a ƙasa mai ƙura. Turbo fanka ce wadda hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, tana cusa iska cikin inji. Sabili da haka injin Peugeot mai lita 1.2 kan ba da ƙarfin doki 130, alhali na 504 mai kabureta, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, bai kai 100 ba. Amma ƙurar hanyar Bagega tana cinye fukafukan fankar, gurɓataccen baƙin mai kuwa ya kashe ta. A ganinmu, direban da ba ya samun matatar iska da mai nagari a kan kari, tsohon inji ya fi masa rufin asiri.