Shin Mai Rage Ƙiba Zai Rama Kalorin da Ya Ƙona a Motsa Jiki?

Mutum mai nauyin kilo 80 da ya yi tattakin minti 30 da sauri yana ƙona kalori kusan 170. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 50 kuwa tana ɗauke da kalori kusan 210, da sukarin da ya kai ƙaramin cokali 13. Wanda ya dawo daga tattaki yana haki ya kafa kai ya shanye kwalba guda, ya mayar da abin da ya ƙona har da ƙari, cikin ƙasa da minti biyar. A nan ne masu fama da teɓa da yawa suke tufka da warwara: wata uku ana fita da asuba, gumi na zuba, amma allurar sikeli ta ƙi motsawa.

Tambayar da ke bakin masu rage ƙiba ita ce, idan agogon hannu ko manhajar waya ta nuna an ƙona kalori 400, ashe ba a sami damar ƙara cin abincin kalori 400 ba ke nan? Manhajoji irin su MyFitnessPal ma haka suke lissafi, da zarar an shigar da motsa jiki sai su ƙara wa mutum kason abincinsa na ranar. Binciken da aka tara a shekarun nan ya nuna cewa ga mai tattaki ko ɗan atisayen da bai kai awa ɗaya ba, rama wannan adadi gaba ɗaya kuskure ne. Sai dai akwai waɗanda ƙin ƙara abinci zai cutar da su, kuma za a zo kansu.

Ina kalori yake tafiya?

Kalori ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci ne. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da jiki ke ƙonawa a yini yana tafiya ne wajen hidimar da ba a gani: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta, ƙoda da ƙwaƙwalwa. Narkar da abinci na cin kusan kashi 10. Ragowar ita ce ta kai-komo da motsa jiki. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ajiye da kalori kusan 7,700, shi ya sa mai rage kalori 500 a kullum yake ganin saukar kusan rabin kilo a mako, musamman a farkon tafiya. Wannan giɓi na 500 ba shi da faɗi. Kuskuren 200 ko 300 a lissafi ya isa ya cinye kusan rabinsa ko fiye.

Agogon ba ya faɗin gaskiya duka

A 2017, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Euan Ashley, suka ɗaura wa mutum 60 na'urorin hannu iri bakwai, ciki har da Apple Watch, Fitbit Surge da Samsung Gear S2. Aka sa su zama, tafiya, gudu da tuƙa keke, ana kwatanta abin da na'urorin suka nuna da ma'aunin asibiti mai auna iskar da mutum ke shaƙa da wadda yake fitarwa. Wajen ƙidaya bugun zuciya, shida daga cikin bakwai sun yi rawar gani, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Da aka zo kan kalori sai labari ya sha bamban. Wadda ta fi kowace daidaito ta kauce da kashi 27, mafi muni kuma ta kauce da kashi 93.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Agogo ba ya auna kalori, kintace yake yi daga bugun zuciya, lilon hannu, shekaru da nauyi. Zafin rana, shayi mai kauri, fargaba ko ƙarancin ruwa a jiki duk suna ɗaga bugun zuciya ba tare da an ƙona wani abin kirki ba. Injin gudu na gidajen motsa jiki ya fi haka rauni, domin sau da yawa ba a ma shigar masa da nauyin wanda ya hau shi. Gumi ma ba shaida ba ne. Wanda ya yi sharkaf a zafin Afrilu ruwa ya zubar, kuma nauyin da ya ragu nan take zai dawo da zarar ya sha.

Akwai kuma lissafin da ake yi sau biyu. Jikin mai kilo 80 yana ƙona kalori kusan 80 a awa ko da yana kishingiɗe. Daga cikin 170 ɗin tattakin minti 30, kusan 40 da ma za su ƙone ko bai fita ba, saboda haka ribar fitar ba ta wuce 130 ba. Haka nan wanda ya shaida wa manhaja tun farko cewa shi mai yawan motsi ne, an riga an sanya atisayensa cikin kason abincin da aka ware masa. In ya sake ƙarawa, ya ci abu ɗaya sau biyu.

Wanda ba shi da agogo, yana dogaro da hasashensa, shi ma bai tsira ba. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jami'ar Ottawa ta Kanada aka wallafa a 2010, an sa mutane motsa jikin da ya ƙona kalori 200 ko 300, sannan aka tambaye su nawa suke jin sun ƙona. Suka faɗi ninki uku zuwa huɗu. Da aka kai su gaban abinci aka ce kowa ya ci daidai abin da ya ƙona, sai suka ci ninki biyu zuwa uku.

Jiki ma yana da nasa lissafin

Abin da ya fi ba masana mamaki ya fito ne daga arewacin Tanzaniya. Ƙabilar Hadza mafarauta ne masu neman zuma da tonon saiwoyi. Mazansu kan yi tafiyar sama da kilomita 10 a yini, matansu kusan 6. Herman Pontzer, wanda yanzu yake koyarwa a Jami'ar Duke, ya auna abin da jikinsu ke ƙonawa da wata dabara da ake shayar da mutum ruwa na musamman sannan a riƙa gwada fitsarinsa na tsawon kwanaki. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da Bahadze ke ƙonawa a yini bai zarce na ma'aikacin ofis a Amurka ko Turai da wani abin a zo a gani ba. Kafin nan, ayarin Amy Luke ta Jami'ar Loyola ya kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Nijeriya da baƙaƙen mata na wata unguwa a gefen Chicago, ya kuma sami kusan irin wannan sakamako, duk da cewa matan Amurkan sun fi ƙiba nesa ba kusa ba.

Fassarar da aka yi wa wannan ita ce, idan motsi ya yawaita ya kuma ɗore, jiki yakan tsuke kashe ƙarfi a wasu wurare. Wani nazari na 2021 a kan mutum 1,754 ya ƙiyasta cewa cikin kowane kalori 100 da aka ƙona ta hanyar motsi, 72 ne kawai ke zama ƙari na gaske a ƙarshen yini. Ga masu ƙiba sosai kuwa, kusan rabi ne ke salwanta. Masana na ci gaba da jayayya kan girman wannan ragi, domin wasu gwaje-gwajen sun same shi ƙasa da haka. Akwai kuma ramuwa ta baki, wato ƙarin cin abinci. A gwajin da Cibiyar Pennington ta jihar Louisiana ta wallafa a 2019, mutanen da aka sa motsa jiki na mako 24 ƙarƙashin kulawa sun ƙara cin kalori kusan 90 zuwa 125 a kullum, ba tare da wani ya umarce su ba, kuma nauyin da suka rage bai kai yadda lissafi ya nuna ba.

Ma'ana, mai motsa jiki yana rama wani kaso tun kafin ya yi niyya. Loma ta ɗan ƙaru, ludayin miya ya ƙaru, da rana kuma gajiya ta sa ya hau babur zuwa inda da ƙafa yake zuwa. Mutane sun bambanta a nan ƙwarai. A Jami'ar Leeds ta Ingila an sa masu ƙiba 35 ƙona kalori 500 sau biyar a mako har mako 12. Matsakaicin abin da suka rage kilo 3.7 ne, amma wani ya zubar da kilo 14.7, wani kuwa ƙaruwa ya yi da kilo 1.7.

Waɗanda dole su ƙara ci

Duk wannan bayani ya shafi mai ɗan tattaki ne, ko mai ɗaga ƙarfe na minti 30 zuwa 45. Wanda yake gudun awa ɗaya da rabi, ɗan ƙwallon da ke atisaye safe da yamma, ko mai shirin tseren kilomita 42 irin na Legas, lissafinsa daban ne. Gudu na cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyi a kowace kilomita, don haka mai kilo 70 da ya yi kilomita 15 ya ƙona sama da 1,000. In ya haɗa wannan da ƙanƙance abinci, jiki zai fara cin tsokarsa. Haka abin yake ga manomi a tsakiyar damina, ɗan dako da mai tura kurar ruwa.

A 2014 Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya kan cutarwar da ƙarancin abinci ke yi wa 'yan wasa maza da mata: ɗaukewar al'ada, raunin ƙashi har ya riƙa tsagewa, yawan kamuwa da cuta da faɗuwar ƙwazo. Alamomin da ya kamata su tsayar da kowa sun haɗa da jiri, rashin barci, saurin fushi, zubewar gashi, jin sanyi ba dalili, da kasa yin atisayen da a da ake yi cikin sauƙi.

Masu ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide suna cikin haɗari na musamman, domin motsa jiki na iya faɗar da sukarin jininsu ƙasa da 70 mg/dL, wani lokaci sa'o'i bayan an gama. Rawar jiki, gumi mai sanyi da rikicewar tunani alamu ne na a sha abu mai zaƙi nan take. Irin waɗannan kada su fita ba tare da dabino ko sukari a aljihu ba, kuma likita ne zai daidaita musu magani da abinci. Mai juna biyu, mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba, su ma ba a yanke musu abinci da lissafin manhaja.

Yadda za a bi da lamarin

Hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da kason abinci guda na kullum wanda ya riga ya ƙunshi motsa jikin da aka saba, a daina ƙara masa komai saboda abin da agogo ya nuna. Wanda ya fi son bin manhaja, ko ya yi aiki mai nauyi a wata rana, ya rama abin da bai wuce rabin adadin da aka nuna masa ba. Alƙali na gaskiya shi ne sikeli da igiyar awon ƙugu. A riƙa hawa sikeli da safe kafin karin kumallo, a duba matsakaicin mako uku zuwa huɗu. In nauyi na sauka da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, lissafi ya yi daidai. In ya tsaya cik, ramuwar ta yi yawa. In yana zubewa fiye da haka ga kuma kasala, a ƙara abinci.

Abin da ake ramawa da shi ma abin dubawa ne. Dafaffen ƙwai ɗaya kalori kusan 75 ne, ayaba matsakaiciya kusan 100, kuma suna riƙe ciki. Wake, kifi, nono marar sukari da zogale duk haka suke. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kuwa kusan 120 ne, gram 100 na soyayyar gyaɗa ya doshi 600, ga shayin da aka cika wa madara da sukari. Wani lokaci abin da ake ɗauka yunwa ce bayan atisaye ƙishirwa ce, don haka a fara da ruwa. Mai fita motsa jiki daf da lokacin cin abincinsa na yau da kullum ya huta da neman wani abin taɓawa na daban.

Kada wannan ya sa a jingine takalmin tattaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, saboda yana rage haɗarin hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da wasu nau'o'in daji, ko nauyi ya sauka ko bai sauka ba. Yana kuma kare tsoka a lokacin da ake rage abinci. A rajistar da Rena Wing da James Hill suka buɗe a Amurka a 1994, wadda ke bibiyar mutum sama da 10,000 da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye, kusan kashi 90 cikin 100 suna motsa jiki na kimanin awa ɗaya a kullum, kuma tafiya a ƙafa ce aka fi yi a cikinsu.