Me Ya Sa Ɗan China Yake Ce Maka Sunansa Tony?

Duk wanda ke saro kaya a Alaba ko China Town da ke Ojota, ko yake oda daga Guangzhou ta waya, ya san wannan: ka tambayi Basine sunansa ya ce maka Tony ko Kevin, macen ta ce Lily ko Apple. 'Yan uwa da dama suna tambayata ko addini suka canza, wasu kuma suna zargin ɓoye kai ne don a yi damfara. Yawanci ba ko ɗaya ba ne, amma akwai inda sunan zai iya jawo maka asara, zan zo kai.

Da farko dai sunan Basine daga baya yake farawa. Sunan dangi ne a gaba, nasa na yanka ya biyo. A Xi Jinping, Xi ne na gidansu. Sunayen dangin kuma ba su da yawa: masu Wang, Li da Zhang kaɗai kowanne ya kai gomman miliyoyi. To ka ga "Mista Wang" bai ware kowa ba.

Sai matsalar furuci. Harshen Mandarin yana da karin sauti huɗu, kamar yadda mu ma "fara" ta kwaro daban, "fara" ta launi daban, "fara" aiki daban. Kalmar "ma" a wurinsu tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, ya danganta da yadda ka ɗaga murya. Iyaye sun zauna sun zaɓo wa yaro suna mai ma'ana, baƙo ya zo ya murɗe shi ya koma wani abu. Rubutun boko da suka tsara wa harshen a 1958, wato Pinyin, shi ma yana ruɗa baƙo, domin X ɗinsu kusa da "sh" yake, Q kusa da "c" ɗinmu, Zh kuma kamar "j". Mutum ya gaji da gyara wa kwastoma, sai ya ce kawai kira ni Tony.

Dalilin da ya fi burge ni shi ne na kunya, don mu Hausawa mun fi kowa gane shi. A al'adarsu ba a kiran babba da sunansa na yanka gatsau. A da, namiji idan ya balaga ana ba shi wani suna na girmamawa wanda tsararraki za su riƙa kiransa da shi, na yankan kuma a bar wa iyaye da manya. Kamar dai yadda uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko a kira mai sunan kaka Abba ko Ummi. A ofis kuwa, idan ka kira abokin aiki da cikakken suna ya yi tsauri, da na yanka kaɗai ya yi shisshigi. Sunan Turanci ya raba gardama.

Yadda ake zaɓen ba wata doka. Wasu malamin Turanci ne ya raba musu a aji tun suna yara. Wasu suna neman wanda ya yi kama da nasu a kunne, Li ta zama Lily. Wasu ma'ana suke bi: Ma Huateng mai kamfanin Tencent, wanda ke da WeChat, ana kiransa Pony, domin Ma ɗinsa doki ne. Jack Ma na Alibaba sunansa Ma Yun, wani baƙo ɗan yawon buɗe ido ne ya laƙaba masa Jack lokacin yana yaro yana zagayawa da baƙi a Hangzhou don ya koyi Turanci. Jackie Chan kuwa a wurin aikin gini a Ostareliya ya samo nasa. A Hong Kong, da Ingila ta riƙe har 1997, abin ya fi daɗewa, har a katin shaida ana sa shi.

Ba Turanci kaɗai ba ma. Masu sauraron sashen Hausa na rediyon China, wanda aka buɗe a 1963, sun saba jin Sinawa masu suna Bello, Kande da Lubabatu.

Yanzu ga inda nake so 'yan kasuwa su buɗe kunne. Ga mutumin babban yankin China, wannan Tony ɗin ba ya cikin fasfo, ba ya cikin asusun banki, kuma gobe yana iya komawa Jason idan ya canza kamfani. Idan kwantena ta zo Apapa da kayan da ba su ka biya ba, babu hukumar da za ta nemo maka "Tony na Guangzhou". Kafin kuɗi su fita, ka nemi sunansa yadda yake a fasfo, da sunan kamfanin da rubutun Sinanci, da hoton lasisin kasuwancinsu mai lamba 18 a jiki. Ka duba ko sunan da ke kan asusun da aka ce ka tura kuɗi shi ne na kan lasisin. Idan aka ce a'a, tura ta asusun wani mutum daban, dakata tukuna ka ji dalili, kuma a rubuta maka shi a takardar cinikin.