Dirkar da gara ba ta ci: Yadda kirya ke neman gagarar masu kafa rumfa a Tasawa da Mayahi

Da an gama girbin gero a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, sai hankalin magidanta ya koma kan rumbu da rumfar da za a ɗora karmami da harawa. A gidaje da yawa kuɗin aikin daga ɗan da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Kano suke fitowa. Shi yana can yana lissafin kwano da ƙusa, alhali abin da ke riƙe rumfa ko ya kayar da ita yana cikin ƙasa: gindin dirka.

Duk masassaƙin da aka tambaya, kirya zai fara ambata. Cikinta ja ne mai duhu, ga nauyi, ga taurin da ke dakushe gatari, kuma gara ba ta cika samun ta ba. Dirkar kirya kan yi shekaru masu yawa a binne, har a sake jinka sau da dama ita tana nan. Sai dai wannan ƙwarin ne ya ja mata. Masu turmi da taɓarya ita suke nema, maƙera gawayinta suka fi so, mata kuma na yin daddawa da 'ya'yanta. Ga ta da jinkirin girma. Yau manyan kiryoyi sun yi ƙaranci a gonaki, kuma tana cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izinin jami'an gandun daji. Wanda ya sayi dirkar da aka saro da dare na iya sayen tara tare da ita.

Abin mamaki, itatuwa sun ƙaru a yankin. Tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostireliya ya fara ƙarfafa wa manoman Maradi gwiwa su riƙa barin tohon kututture suna yi masa aski, wato sassaben zamani, an kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar. Dokar gandun daji ta 2004 ma ta taimaka. Amma galibin abin da ya tsiro gawo ne da kalgo da sabara. Gawo abokin gona ne, ba abokin rami ba: itacensa sakwaf yake, gara da ƙwaro ba sa ɗaukar lokaci a kansa.

Shi ya sa da yawa suka koma ga dogon yaro, wanda ake cewa bedi. Yana miƙewa, yana sake toho bayan sara, ƙwari kuma ba sa son ɗacinsa, muddin itacen ya ƙosa. Marke ma na da ƙwari inda aka same shi. Goribar Gulbin Kaba, wadda ta ratsa ƙasar Mayahi, da azarar giginya da ake kawowa daga wajen Gaya, sun fi dacewa da sama, a matsayin abin giciye.

Ko da itacen na gari ne, ɗanye ba ya shiga rami. Ana ɓare ɓawon, a bar shi ya bushe a inuwa, a duba ko jan cikin ya fi farin gefen yawa, domin farin ne abincin gara. Wasu na babbake gindin, wasu su shafa baƙin mai, sannan a binne shi da zurfi a daddale da tsakuwa, tunda ƙasar jigawa ba ta riƙe dirka idan iskar farkon damina ta taso. Daidai inda itace ya haɗu da ƙasa, nan ruɓa ke farawa.

A cikin garin Tasawa masu hali sun fara kafa bututun ƙarfe da siminti. Gara ba ta cin sa, amma fitsarin dabbobi na sa shi tsatsa daga ƙasa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin masu awaki biyar a ƙauye.