Makahon Macijin da Ke Yawo a Tukunyar Fure

Mai lambu yana cikin sauya wa fure tukunya, sai ya ga wani abu siriri, baƙi, mai sheƙi yana mutsu-mutsu a ƙasa. Da yawa kan ɗauka tana ce. In aka ƙura masa ido, za a ga ɗan harshe yana leƙowa, jikin kuma sulɓi ne, babu gaɓa-gaɓa irin na tana. Maciji ne, wanda masana ke kira Indotyphlops braminus.

Asalinsa kudancin Asiya ne, musamman Indiya. Wani masani Bafaranshe, Daudin, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1803. Tsawonsa bai cika wuce santimita 15 ba. Idanunsa ɗigo biyu ne a ƙarƙashin fata, haske da duhu kaɗai suke bambancewa. Kai da wutsiya kusan kamarsu ɗaya.

Mazauninsa ƙasa mai laima: ƙarƙashin ruɓaɓɓun ganyaye, gindin itace, kusa da gidan tururuwa da na gara, domin ƙwansu da tsutsotsinsu ne abincinsa. Abin mamaki, duk waɗanda aka taɓa bincika mata ne. Macen kan yi ƙwai masu girman ƙwayar shinkafa, su ƙyanƙyashe ba tare da namiji ba. Shi ya sa guda ɗaya tak da ta ɓuya a ƙasar tukunya ta isa ta kafa zuriya a sabuwar ƙasa. Ta cinikin furanni ya isa Ostareliya, Hawayi da Fulorida a Amurka, da sassan Afirka.

Ba shi da dafi. In an kama shi, iyakarsa ya soki mutum da tsinin wutsiya, ya saki wari.

Sai dai a yi hattara. A Najeriya da Nijar akwai wani baƙin macijin da ke zama cikin ƙasa, Atractaspis, wanda ƙanƙaninsa kan yi kama da makahon. Shi yana da dafi, kuma yana fito da haƙori ta gefen baki ya yi sara ko an riƙe shi ta wuya, har yatsa ya kumbura ya ruɓe.

Don haka kada a ɗauki irin waɗannan da hannu, a kuma ja wa yara kunne. Wanda aka sara, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A garzaya da shi asibiti.