Yusuf Ɗan Peshawar, Wanda Duniya Ta Sani da Dilip Kumar

A cikin tsohon birnin Peshawar, can bakin hanyar da ke shiga ƙasar Afganistan, akwai wata kasuwa da ake kira Qissa Khwani, watau kasuwar masu ba da ƙissa, domin tun zamanin da ayari ke saukowa daga duwatsu da raƙuma, fatake kan yada zango a nan, su zauna shan shayi da dare, wani gwanin baki ya tashi ya yi ta kwararo musu labaran sarakuna da na masoya har barci ya kwashe su. A wani gida da ke bayan wannan kasuwa aka haifi Muhammad Yusuf Khan ranar 11 ga Disamba, 1922, ɗaya daga cikin 'ya'ya goma sha biyu na Lala Ghulam Sarwar Khan, attajirin da ke fataucin kayan marmari. Shi da kansa ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014 cewa wani fakiri ya taɓa duban fuskarsa yana ƙarami ya ce yaron nan zai ɗaukaka, sai kakarsa ta tsorata da kambun baka, ta sa aka aske masa kai ƙwal, kuma kullum in zai tafi makaranta sai ta shafa masa baƙin tukunya a goshi don kada idon mutane ya kama shi. Yara suka mai da shi abin tsokana, shi kuwa ya koma yaro mai yawan shiru, mai zama gefe yana kallon jama'a. Ina kyautata zaton a wannan shirun ne aka shuka irin abin da daga baya ya zama sana'arsa.

Cikin shekarun 1930 uban ya ɗauke iyalinsa ya koma Bombai da su saboda ciniki, Yusuf ya yi karatu a Deolali da kuma Bombai, ya tashi da harsuna a bakinsa kamar ɗan tafinta: Hindko na gida, da Pashto, da Urdu, da Farisanci, da Ingilishi. Wajen 1940 suka sami saɓani da mahaifinsa, ya bar gida ya tafi Poona, ya kama sayar da abinci a wani kulob na soja, har ya tara abin da ya tara ya komo. A 1942 ne wani masanin gidansu ya kai shi kamfanin Bombay Talkies, ya gabatar da shi ga uwargijiyar wurin, Devika Rani, wadda ta dube shi, ta ji yadda Urdu ke fita daga bakinsa garau, ta yanka masa albashin rupi 1,250. Da ya ji kuɗin sai ya ɗauka na shekara ne, har sai da aka tabbatar masa na wata ne.

Ita ce kuma ta ba shi shawarar ya ɗauki wani suna na wasa, aka tsaya a kan Dilip Kumar. Mutane da yawa sun ɗauka tsoron ƙabilanci ne kaɗai ya jawo haka, kuma lalle a wancan zamani Musulmi da dama sun shiga silima da sunayen Hindu, kamar Mahjabeen Bano da ta zama Meena Kumari, da Mumtaz Jehan da ta zama Madhubala; amma shi abin da ya faɗa da bakinsa shi ne tsoron mahaifinsa, dattijon da ke ganin wasan kwaikwayo aikin marasa mutunci ne, wanda har yakan yi wa abokinsa Basheshwarnath Kapoor, wani mutumin Peshawar, gorin cewa ɗansa Prithviraj ya zama ɗan wasa. Fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata, ya fito a 1944 bai yi wani tasiri ba, asirin ya ci gaba da rufuwa. Sai a 1947, shekarar da aka raba ƙasar gida biyu, Peshawar ta faɗa cikin Pakistan su kuwa suka zauna a Indiya, fim ɗin Jugnu ya karɓu, aka liƙa hotunansa a bangon gari, Basheshwarnath ya ja hannun abokinsa ya kai shi gaban wani babban allo ya nuna masa fuskar ɗansa. An daɗe uban bai yi masa magana ba.

To, mene ne wannan saurayi ya zo da shi wanda ba a saba gani ba? Kafin zuwansa, yawancin 'yan wasan silima na Indiya daga dandalin wasan kwaikwayo suka fito, inda babu na'urar ƙara murya, inda dole mutum ya ɗaga harshe ya buɗe hannuwa ya zare ido domin wanda ke zaune a layin ƙarshe ya san fushi ake yi ko baƙin ciki. Da suka shigo gaban kyamara kuwa sai suka taho da wannan al'ada cif, suna yi wa na'urar da ke kusa da hancinsu ihu kamar tana bayan gari. Yusuf bai taɓa hawa dandali ba, saboda haka ba shi da abin da zai yaye. Ashok Kumar, wanda ya riga shi a Bombay Talkies, ya nuna masa cewa ya yi abin da zai yi in da lamarin ya same shi da gaske, shi kuma ya ɗauki wannan nasiha ya kai ta inda mai ba da ita bai zata ba. Ya fahimci cewa kyamara tana ganin motsin fatar ido, na'urar sauti tana jin numfashi, don haka ya sauke murya har ta kusa zama raɗa, ya riƙa yanke magana a tsakiya ya yi shiru kamar mai neman kalmar da ta ɓace masa, ya bar hannuwansa su huta. Masu kallo, waɗanda aka saba jefo musu magana, sai suka sami kansu suna miƙa wuya suna kasa kunne.

Daga Andaz na 1949, wanda Mehboob Khan ya haɗa shi da Nargis da Raj Kapoor, abokinsa tun na ƙuruciya, har zuwa Deedar da Daag, wanda da shi ne ya zama mutum na farko da aka ba lambar Filmfare ta gwarzon ɗan wasa a 1954, ya yi ta fitowa a matsayin mutumin da ƙaddara ta juya wa baya, har aka laƙaba masa sarautar baƙin ciki. Ƙololuwar wannan babi ita ce Devdas na 1955, wanda Bimal Roy ya ɗauko daga littafin Sarat Chandra Chattopadhyay: ɗan masu gari da ya kasa tsayawa gaban iyayensa a kan Paro, yarinyar da yake so, aka aurar da ita ga wani, ya kama shan giya har ta cinye shi. Dubi yadda ya yi ƙarshen labarin. Yana kwance cikin keken shanu da dare, ciwo ya gama da shi, ana tafiya da shi garin da aka kai Paro domin ya cika alkawarin da ya yi mata na zuwa ƙofarta kafin ya mutu. Ba ya kururuwa, ba ya dukan ƙirji, sai dai lokaci zuwa lokaci ya ɗaga kai da ƙyar ya tambayi mai keken ko an kusa. Wannan 'yar tambayar ta fi kuka tsuma zuciya, kuma duk wanda ya taɓa zama gefen mara lafiya ya san haka masu jin jiki da gaske suke yi.

Amma irin wannan aiki yana da farashi. Saboda yadda yake nutsa kansa cikin halin mutanen da yake kwaikwaya, yana kwana da su yana tashi da su wata da watanni, sai damuwa ta kama shi shi kansa, har ta kai shi ga ganin likitan ƙwaƙwalwa a Landan, wanda ya shawarce shi ya sassauta, ya riƙa karɓar wasannin raha. Ya bi shawarar, aka sami Azaad a 1955, da Kohinoor a 1960, wanda saboda waƙa ɗaya tak da ke cikinsa ya ɓata watanni yana koyon kaɗa sitar don kada yatsunsa su yi wa masu kallo ƙarya, sannan daga baya Ram Aur Shyam a 1967, inda ya fito a matsayin tagwaye, ɗaya matsoraci ɗaya jarumi.

Ba a yin zancensa a tsallake Mughal-e-Azam, aikin da K. Asif ya shafe shekaru fiye da goma yana fama da shi kafin ya fito a watan Agusta na 1960, ya kuma riƙe kambin fim mafi kawo kuɗi a Indiya har shekara goma sha biyar. Dilip Kumar ne Yarima Salim, Prithviraj Kapoor ne mahaifinsa Sarki Akbar, Madhubala ce kuyanga Anarkali. A nan ne mutum zai ga zamani biyu sun tsaya fuska da fuska: Prithviraj yana tsawa irin ta dandali, muryarsa na cika fada, ɗan kuwa yana mayar masa da jawabi a hankali, da ladabin ɗan sarki, amma ba ya ja da baya ko taƙi ɗaya. Akwai kuma wurin nan da ya shahara, inda yarima ke zaune da Anarkali cikin lambu da dare, muryar Ustaz Bade Ghulam Ali Khan na tashi daga nesa, shi kuwa yana shafa fuskarta da gashin tsuntsu fari, babu wanda ya furta kalma. Abin tausayi a nan shi ne, a lokacin da aka ɗauki wannan wuri su biyun ko gaisawa ba sa yi. Sun so juna shekaru, har ana zancen aure, sai rigima ta tashi tsakanin mahaifinta da mai shirya fim B. R. Chopra a kan fim ɗin Naya Daur, magana ta kai kotu, Dilip Kumar ya ba da shaida a ɓangaren Chopra, zumuncin ya yanke daga nan. Madhubala ta rasu a 1969 tana da shekara 36, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya.

A ganina, abin da ya fi kome bayyana halin mutumin nan shi ne yawan abin da ya ƙi karɓa. A masana'antar da tauraro kan yi fim biyar ko goma a lokaci guda, yana sauka daga wannan mota yana shiga waccan, shi ya zaɓi ya riƙa yin ɗaya bayan ɗaya, har ya kasance cikin shekara 54 na aiki finafinansa ba su wuce sittin da wani abu ba. Da David Lean ya nemi ya fito a matsayin Sharif Ali a cikin Lawrence of Arabia, ya ba da haƙuri, rawar ta koma hannun Omar Sharif na Masar, wanda ita ce ta buɗe masa ƙofar duniya. Akwai masu ganin ya yi asara, ni kuwa ina ganin ƙana'a ce irin ta wanda ya san inda ƙarfinsa yake, domin a daidai wannan lokaci ne ya zuba dukiyarsa da basirarsa cikin Gunga Jumna na 1961, fim ɗin da ya shirya da kansa, ya ajiye Urdunsa mai tsabta ya ɗauki karin harshen ƙauyawan arewacin Indiya, ya fito a matsayin manomin da zaluncin mai ƙasa ya kora daji ya zama ɗan fashi, ƙanensa na jini Nasir Khan kuma ya fito a matsayin ƙanen da ya zama ɗan sanda, wanda doka ta tilasta masa harbin wansa.

Mu a nan ƙasar Hausa, inda Kwarori 'yan kasuwa suka fara shigo da finafinan Indiya tun cikin shekarun 1950, aka riƙa nuna su a gidajen silima marasa rufi irin su Rex da Palace da El Dorado a Kano, mun fi saurin ba masu faɗa laƙabi, shi ya sa Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Amma ina zaton abin da ya sa dattawanmu suka riƙe wannan mutum, alhali ba sa jin Hindi, shi ne sun ga wani abu da suka sani a gida: kawaici, da kunyar ɗa a gaban mahaifi, da haɗiye magana lokacin da zuciya ke tafasa. Wanda aka tarbiyyantar da shi a kan cewa ba kowane ciwo ake faɗa ba, ba ya bukatar tafinta in ya ga Salim ya sunkuyar da kai gaban Akbar.

Ya auri Saira Banu a watan Oktoba na 1966, yana ba ta shekara ashirin da biyu, kuma ita ce ta yi jinyarsa har ƙarshe. Allah bai ba su haihuwa ba. Bayan 1976 ya ɗan janye na shekara biyar, sannan ya komo da Kranti a 1981, yanzu a matsayin dattijo. A Shakti na 1982 ya haɗu da Amitabh Bachchan, tauraron sabon zamani, ya fito a matsayin babban ɗan sandan da ya fifita amanar aiki a kan ran ɗansa, kuma da wannan ya karɓi lambar Filmfare ta takwas. A Mashaal na 1984 kuwa akwai wurin da matarsa ta faɗi a gefen titi da tsakar dare, yana gudu daga wannan mota zuwa waccan yana roƙon a tsaya a taimake shi, motoci na wucewa. Mutumin da ya shekara arba'in yana sauke murya, da ya ɗaga ta a wannan dare sai da ta girgiza Indiya. Qila na 1998 shi ne na ƙarshe.

Sunayensa biyu ba su bar shi ya huta ba har cikin tsufa. Indiya ta ba shi Padma Bhushan a 1991 da lambar Dadasaheb Phalke ta 1994, Pakistan kuma ta ba shi Nishan-e-Imtiaz a 1998, ɗaya daga cikin manyan lambobin girma da take ba farar hula. Da yaƙin Kargil ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 1999, jam'iyyar Shiv Sena ta matsa masa lamba ya mayar da ita don ya nuna inda biyayyarsa take, ya je ya gana da Firayim Minista Vajpayee, ya dawo ya riƙe abarsa, yana mai cewa saboda taimakon talakawa da ƙoƙarin kusanto da jama'ar ƙasashen biyu aka ba shi. Daga 2000 zuwa 2006 ya zauna a majalisar dattawan Indiya, a 2013 ya yi Umra tare da matarsa, a 2014 kuma gwamnatin Pakistan ta sanya gidan da aka haife shi cikin kayan tarihin ƙasa.

Ƙannensa biyu, Aslam da Ehsan, sun riga shi a 2020 cikin annobar korona. Shi kuwa ya cika da safiyar Laraba, 7 ga Yuli, 2021, a wani asibiti a Mumbai, yana da shekara 98. Aka lulluɓe makararsa da tutar Indiya, aka kai shi maƙabartar Musulmi ta Juhu da yammacin ranar, a Peshawar kuma mutanen unguwa suka taru kusa da tsohon gidan nan na bayan Qissa Khwani suka yi wa Yusuf salatul ga'ib.